Bitar darasin mutunta 'yan asalin Latin Amurka da ake ba masu kula da tsofaffi a Bronx

Wata ƙungiyar taimakon baƙi da ke Bronx a birnin New York tana shirya darasi ranar Asabar domin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu, a kan yadda ake ambaton mutanen da asalinsu ya fito daga Latin Amurka ba tare da an ci musu zarafi ba. Ba a biyan ko sisi, zaman yana ɗaukar kimanin awa uku, kuma ana ba da takardar shaidar halarta. Na je ne saboda yawancin tsofaffin da ake tura ni gidajensu Sifaniyanci ne harshensu, abin da ba zai ba kowa mamaki ba, tun da ƙidayar 2020 ta nuna cewa fiye da rabin mazauna Bronx daga wannan al'umma suke, a faɗin Amurka kuwa sun haura miliyan 62. Darasin ya cancanci lokacin da aka ba shi, duk da cewa yana da giɓin da ya kamata masu shirya shi su cike.

Abin da ya fi burge ni shi ne malamar ba ta raba mana jerin kalmomin da aka hana faɗa ta sallame mu ba. Dattijuwa ce 'yar asalin Puerto Rico, ta daɗe tana koyarwa a makarantar firamare kafin ta yi ritaya, kuma hanyarta ita ce ta ɗauki kalma guda ta nuna abin da aka aikata da ita. Ta fara da haska hoton wani tsohon allo irin wanda ake rataye wa a ƙofar gidajen abinci a Texas, an rubuta a kai cewa ba a yarda karnuka da baƙaƙen fata da 'yan Meksiko su shiga ba. Ta bar hoton a bango na ɗan lokaci ba ta ce komai ba, sannan ta nemi mu lura da waɗanda aka jera tare da su a kan allon. Kusan dukanmu da ke ɗakin baƙaƙen fata ne, saboda haka ba ta buƙaci dogon bayani ba.

Daga nan ta shiga zagin da ake yi da Turanci wanda ke siffanta mutum da mai jiƙaƙƙen baya, wato wanda ya ninƙayo kogin Rio Grande ya shigo a ɓoye. Ta bayyana cewa wannan zagi bai tsaya a bakin 'yan tasha ba, domin a 1954, zamanin Shugaba Eisenhower, hukumar shige da fice ta sa wa wani gagarumin kame suna Operation Wetback, wato da wannan zagin kansa, inda aka kori dubban ɗaruruwan mutane zuwa Meksiko, har da wasu da ke da cikakken 'yancin zama 'yan ƙasa. Wannan kuwa ya faru ne a lokacin da ita kanta Amurka take shigo da leburorin gona daga Meksiko a ƙarƙashin shirin Bracero, wanda aka fara a 1942 aka rufe a 1964. Ta kuma tuna mana cewa California da Nevada da Utah da mafi yawan Arizona da New Mexico ƙasar Meksiko ce kafin yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848, don haka akwai iyalan da kakanninsu ba su ƙetare iyaka ba, iyakar ce ta same su a gidajensu. Duk wanda ya jefi irin wannan mutum da wancan zagi yana gaya masa ne cewa ba shi da gurbi a ƙasar da aka binne iyayensa da kakanninsa.

Sashen da ya fi girgiza ɗakin shi ne labarin Marcelo Lucero, ɗan Ekwado da aka daɓa wa wuƙa har lahira a garin Patchogue na Long Island a watan Nuwamban 2008. Samari bakwai ne suka tare shi, kuma bincike ya nuna cewa sun saba fita farautar 'yan Latin Amurka domin su yi musu dūka, har sun raɗa wa wannan ta'asa suna daga wani zagi da ke danganta mutanen da cin wake. Wanda ya soke shi an yanke masa ɗaurin shekara 25. Mutane da yawa suna ɗaukar zagin waken a matsayin wasa, irin tsokanar da ake yi wa mutum a kan abincin garinsu, amma malamar ta nuna cewa kalmar ce ta fara rage darajar mutumin a idon yaran, kafin hannu ya kai ga wuƙa. Ta haɗa da harin birnin El Paso da ke Texas na ranar 3 ga Agusta 2019, wanda ya ci rayuka 23, inda maharin ya rubuta cewa yana mayar da martani ne ga abin da ya kira mamayar 'yan Hispanik, wato masu asali daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci. Na yarda da ita ƙwarai a nan, kuma ina ganin wannan sashe kaɗai ya isa dalilin halartar darasin.

Game da abin da ya kamata a faɗa, shawararta mai sauƙi ce: a kira mutum da sunansa, idan kuma dole ne a ambaci asalinsa, a ambaci ƙasarsa daidai. Ta kawo binciken cibiyar Pew da ya nuna cewa kusan rabin wannan al'umma sun fi siffanta kansu da ƙasar da iyalinsu suka fito, kamar ɗan Meksiko ko ɗan Kuba ko ɗan Salvador. A nan ta taɓo wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, ta kiran kowa da kowa “Spanish” ko ɗan Meksiko. Ba zagi ake nufi ba, amma tsohuwar da ta fito daga Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominika, ba daga Sifen take ba, ba kuma daga Meksiko ba, kuma tana jin zafin a shafe mata ƙasa. Mutanen Puerto Rico kuwa 'yan Amurka ne bisa doka tun 1917, saboda haka tambayarsu takardun zama cin fuska ne. Idan ana maganar al'ummar gaba ɗaya, Hispanik da Latino duk karɓaɓɓu ne, sai dai na farko ya dogara ne a kan harshen Sifaniyanci, na biyu a kan yankin Latin Amurka, shi ya sa ɗan Brazil yake shiga na biyu ba ya shiga na farko. Kalmar Latinx da ake yawan gani a intanet, rahoton Pew na 2020 ya nuna kashi 3 cikin ɗari ne kawai suke kiran kansu da ita, don haka ta ce kada mu ɗora wa tsofaffi ita. Ta kuma hana mu kiran mutum haramtacce saboda ba shi da takardu, ta ce kamfanin dillancin labarai na AP ya daina hakan tun 2013.

Mafi amfani ga aikinmu na yau da kullum shi ne ɗan atisayen da ta sa muka yi bibbiyu a kan gaisuwa. Ta koya mana sa Don ko Doña a gaban sunan dattijo ko dattijuwa, kamar yadda ba za mu kira sa'ar mahaifiyarmu da gatsal ɗin sunanta ba sai mun sa Hajiya ko Inna, da kuma yin amfani da usted, wato “kai” ko “ke” na girmamawa, maimakon tú ga wanda ya girme mu. Na gwada wannan a gidan wata tsohuwa da nake kula da ita, wadda a da ba ta cika yi mini magana ba sai ta nuna abu da hannu. Da na gaishe ta da Doña, sai ta ajiye cokalin da ke hannunta ta gyara mini yadda ake furta harafin ñ, ta sa na maimaita har ta gamsu.

Giɓin farko shi ne misalan sun karkata sosai ga Meksiko da Texas, alhali tsofaffin da muke yi wa hidima a Bronx galibi 'yan Jamhuriyar Dominika ne da Puerto Rico. Mutanen Garifuna daga Honduras, waɗanda baƙaƙen fata ne kuma suna da yawa a unguwannin nan, an ambace su ne kawai a wucewa. Na biyu, da Turanci zalla aka yi darasin, kuma da sauri, ta yadda 'yan'uwanmu daga Nijar da Gini da Mali da suka fi jin Faransanci suka riƙa raɗa suna neman a fassara musu, ba a kuwa tanadi takarda ko ɗaya da Faransanci ba. Ɗakin ma ya yi ƙanƙanta, kuma ba a ba da hutu ba har lokacin azahar ya shiga.

Akwai kuma tambayar da wani dattijo daga Kumasi ya yi, wadda nake ganin an gaggauta amsa ta. Ya ce shi ya san Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙabai, kuma ya karɓi duk abin da aka koyar, amma me ma'aikaci zai yi idan tsohon da yake wa wanka ne ya zage shi saboda launin fatarsa? Malamar ta ce, “Alhaji, wannan ma laifi ne, ka kai rahoto ga mai kula da aikinka,” sannan ta wuce. Amsar daidai ce, amma mutane da dama a ɗakin sun gyaɗa kai lokacin da yake magana, kuma batun ya cancanci a zauna a kansa.

Ina ba sababbin shiga wannan aiki shawarar su halarta, haka ma direbobin tasi da masu shaguna da ke hulɗa da waɗannan maƙwabta kullum. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya tafi da wanda zai fassara masa, kuma ya isa da wuri domin kujerun ba su da yawa.