Sharhi: Rauta ajin AX1800 a gidan da siginar maƙwabta ta yi yawa

Rautar da nake magana a kanta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi a gida, ita ce irin wadda ake rubuta wa AX1800 a jikin kwali. Tana aiki da Wi-Fi 6, tana watsa sigina a zango biyu, wato 2.4 GHz da 5 GHz, kuma ramukan kebul ɗinta masu gudun gigabit ne. Na yi amfani da ita a gidan da siginar maƙwabta ke shigowa ta kowace kusurwa, kuma hukuncina shi ne tana maganin jan ƙafar da katsalandan ɗin sigina ke jawowa, da sharaɗin mutum ya shiga saitinta ya gyara da kansa. Wanda ya ciro ta daga kwali ya jona wa wuta ya tafi, rabin amfaninta kawai zai mora.

Kada lambar 1800 ta ruɗi kowa. An haɗa 574 Mbps na zangon 2.4 ne da 1201 Mbps na zangon 5, aka cike lissafin. Waya ko kwamfuta zango ɗaya take hawa a lokaci guda, kuma abin da ke isa hannu bai cika wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na lambar da aka rubuta wa zangon da ta hau ba, ko da kana tsaye kusa da rautar.

Kafin ka kashe kuɗi, ka tabbatar cewa matsalar a iska take. Jona kwamfuta da kebul kai tsaye a jikin rautar da kake da ita, ka auna gudu. In ya zo daidai da abin da kake biya amma ta Wi-Fi ya faɗi, laifin na sigina ne. In a kebul ma yana jan ƙafa, sabuwar rauta ba za ta tsinana maka komai ba, kamfanin da ke ba ka intanet za ka nema. Gwaji na biyu ya fi nuna katsalandan ƙarara: ka aika ping, wato ɗan saƙon gwaji mai auna lokacin da amsa ke ɗauka kafin ta dawo, zuwa adireshin rautar, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Sigina mai lafiya tana dawo da amsa cikin 'yan milisakan ƙalilan, kuma lambobin suna zuwa kusa da juna. Idan ka ga 3, sai 4, sai kwatsam 200, sai wata amsar ta ɓace gaba ɗaya, alhali alamar sigina a cike take, to wani abu ne ke cin iskar tare da kai.

Zangon 2.4 GHz shi ne tushen yawancin wahalar, kuma nan ne na fi daɗewa ina gyara a wannan rauta. Tashoshinsa 13 ne a ƙasashe da dama, 11 a Amurka, tazarar da ke tsakanin kowace tasha da mai bi mata 5 MHz ce kacal, alhali siginar Wi-Fi tana cin faɗin 20 MHz. Ke nan wanda ke kan tasha ta 3 yana taka ƙafar na kan 1 da na kan 6 duka. Tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, zama a tasha ɗaya da maƙwabci ya fi sauƙi a kan zama a gefensa. Rautoci biyu da ke tasha ɗaya suna jin juna, kowace tana saurarawa sai ɗayar ta yi shiru kafin ta aika, kamar mutanen da ke karɓa-karɓar magana a zama ɗaya. Gudu zai ragu, amma saƙo yana isa lafiya. Waɗanda suka ɗan hau kan juna kuwa ba sa fahimtar juna, kowace hayaniya kawai take ji, saƙonni su lalace a sake aiko su, a sake lalacewa. Shi ya sa tasha ta 4 ko ta 9 da ka gani babu kowa a kai tarko ce.

A nan ne na ga rauni na farko a rautar. Zaɓin tasha na otomatik yana duba iska ne lokacin da aka kunna ta, ya zauna inda ya ga sarari a wannan lokacin. Da yamma, sa'ad da kowane gida ya hau kallon bidiyo, hoton ya sauya, ita kuma tana nan inda take. Faɗin tasha ma an bar shi a kan 20 ko 40 MHz, ta zaɓa da kanta. A zangon 2.4, faɗin 40 yana mamaye kusan kashi biyu cikin uku na filin baki ɗaya, don haka duk hayaniyar unguwa a kanka za ta sauka. Ka kulle shi a 20. Sannan ka sauke manhajar binciken Wi-Fi a wayar Android, ka duba da daddare lokacin cunkoso, ka zaɓi ɗaya cikin 1, 6 da 11. Kada ka tsaya ƙirga yawan sunayen da ke kan kowace tasha, ƙarfinsu za ka duba. Maƙwabta biyar masu rauni a -85 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina, wanda lambar da ta fi kusa da sifili ita ce mafi ƙarfi) sun fi sauƙin zama da guda ɗaya mai ƙarfi a -55.

Akwai kuma masu hayaniyar da manhajar ba za ta nuna maka ba, domin su ba Wi-Fi ba ne. Na'urar ɗumama abinci ta mayikrowef tana aiki a 2.45 GHz, kuma ɗan abin da ke yoyowa daga jikinta ya isa ya tsinke kiran bidiyo muddin tana kunne. Tasha ta 1 ce ta fi nisa da ita. Bluetooth ma a zangon yake, haka na'urorin sauraron jariri da wasu kyamarorin tsaro marasa waya. Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne USB 3.0. Kamfanin Intel ya fitar da bayani tun 2012 cewa ramuka da kebul na USB 3.0 suna fitar da hayaniya a daidai wannan zango. In ka jona ma'ajiyar bayanai a jikin rautar ko kusa da eriyar kwamfuta, sai ka ga 2.4 ya durƙushe, gwada cire ta ko nisanta ta da dogon kebul mai rufi mai kyau.

Zangon 5 GHz shi ne dalilin da ya sa rautar ta cancanci kuɗinta. Tashoshinsa sun fi yawa, ba sa hawa kan juna a faɗin 20, mayikrowef da Bluetooth ba su da hurumi a can, kuma da yake siginar ba ta ratsa bango sosai, ta maƙwabci tana isowa a gajiye. Da na mayar da talabijin da kwamfutoci kansa, tsalle-tsallen ping ya kwanta, kiran bidiyo ya daina sanƙarewa. Tashoshi 36 zuwa 48 su ne mafi kwanciyar hankali. Daga 52 zuwa 64, da kuma daga 100 zuwa sama har wajen 140, ana raba su ne da na'urorin rada, don haka doka ta tilasta wa rauta ta saurara na minti ɗaya kafin ta fara watsawa, in kuma ta ji rada ta tashi nan take. Wanda ke kusa da filin jirgin sama ko tashar hasashen yanayi, in Wi-Fi ɗinsa na ɓacewa ya dawo ba dalili, wannan ne abin zargi na farko. Faɗin 80 MHz ya fi gudu, amma a bene mai gidaje da yawa 40 ya fi tsayawa daram.

Rauni na biyu shi ne tsarin da ke haɗa zangon biyu ƙarƙashin suna ɗaya, wanda wasu kamfanoni ke kira Smart Connect. A takarda yana da kyau. A aikace, waya kan sauka 2.4 idan ka shiga ɗaki mai nisa, ta liƙe a can ko bayan ka dawo falo. Na kashe shi, na ba kowane zango sunansa. Masu cin data da yawa su hau 5, ƙananan kaya irin su firinta da fitilu masu Wi-Fi su zauna a 2.4, dama yawancinsu shi kaɗai suka iya. Ka kuma duba tsaro ya kasance WPA2 mai AES ko WPA3, domin tsohon tsarin tsaro na TKIP yana daƙile gudu a 54 Mbps komai kyan rautar.

Wurin ajiya ya yi tasiri daidai da duk saitin nan. Ka ɗora ta a sama, a tsakiyar gida, a fili. Bayan talabijin, cikin kabad, ƙasan tebur, kusa da firji ko babban madubi ko tankin kifi, duk wuraren kashe sigina ne, saboda ƙarfe yana mayar da ita, ruwa yana shanye ta. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne -67 dBm: in ɗaki ya samu haka ko abin da ya fi, kira da bidiyo za su tafi lafiya. A -70 an fara rarrafe, a -80 kusan babu. Kowane 3 dB da ya ragu, rabin ƙarfin sigina ne ya tafi, don haka matsar da rauta taku biyu daga bayan bango ba ƙaramin abu ba ne.

Wi-Fi 6 yana da dabarun rage cunkoso, irin su OFDMA, mai rarraba tasha ɗaya tsakanin na'urori da yawa a lokaci guda, da yi wa siginar kowane gida alama don a bambance ta da ta maƙwabci, amma sai na'urarka ita ma tana da Wi-Fi 6 suke aiki. Da tsohuwar waya, ribar da za ka gani daga zangon 5 ce kawai.

Inda rautar ta gaza shi ne ɗakin da bangon kankare biyu ko uku suka raba da ita. A can 5 GHz ba ya kaiwa, sai a koma 2.4 da cunkosonsa. Ban ba da shawarar ƙaramar na'urar ƙara sigina da ake maƙalawa a soket ba, domin mai rediyo ɗaya tana karɓa ta sake aikawa a tasha guda, gudu ya rabu biyu, hayaniya kuma ta ƙaru. Maimakon haka, a ja kebul na Cat5e, wanda ke ɗaukar gigabit har mita 100, a kafa rauta ta biyu a matsayin wurin shiga kawai, a kashe mata rabon adireshi na DHCP, a ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da na farko amma a tasha daban: in ta farko tana kan 1 da 36, ta biyu ta hau 11, a zangon 5 kuma 44 in faɗin 40 ne.