Shagon tabarau da ya duba hulata kafin ya zaɓa mini firam

Bayan na haura shekara 40, rubutun fayil ya fara yi mini dishi-dishi, har sai na nesanta takarda kafin in karanta. Likitan ido ya auna ni ya rubuta mini gilashin magani, ni kuma na nufi wani shagon tabarau da ke cikin garin Birnin Kebbi, wanda abokan aikina a sakatariyar gwamnatin jiha da ke Gwadangaji suka daɗe suna yabawa. Yau wata huɗu ke nan ina sanye da abin da na saya, saboda haka ina da abin faɗa.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai shagon bai yi gaggawar ɗauko mafi tsada ba. Ya dubi kaftanin da ke jikina da hular zanna da na kafa, sannan ya ce, "Alhaji, kullum haka kake zuwa ofis?" Da na amsa, sai ya mayar da wani faffaɗan baƙin firam da idona ya riga ya kwanta a kai, ya bayyana mini cewa kaurin hannayensa zai riƙa gogar bakin hula, kuma hula mai aiki da firam mai nauyi idan suka haɗu sukan cika fuska da yawa. Ya miƙo mini siriri mai ruwan ƙasa, ya kara shi da shaddata a gaban madubi, ya ce zai shiga da fari da ruwan toka da shuɗi, waɗanda su ne akasarin ɗinkunan ma'aikaci. Gaskiyarsa ce, domin ko ranar Juma'a da nake sa babbar riga bai taɓa yi mini bambaraƙwai ba.

Ya kuma hana ni ƙarfe mai araha, saboda zufar watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, tana cin fentinsa har wurin hanci ya koma kore. Da ya auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idona, sai ya sa na sunkuya kamar mai ruku'u don ya ga ko tabarau ɗin zai zame, ya ɗan lanƙwasa ƙarshen hannayen a bayan kunne. Wannan kulawa ce ta wanda ya san cewa mai salla yana cire tabarau ya mayar sau da dama a yini.

Sai dai ina da ƙorafi biyu. An yi mini alkawarin mako guda, amma sai da na yi sawu uku cikin kwana goma sha takwas, kuma babu wanda ya kira ya ba ni haƙuri. Na biyun ya fi damuna: yaron shagon ya matsa mini in ƙara kuɗi don gilashi mai tace shuɗin hasken kwamfuta, yana cewa yana hana gajiyar ido, alhali bitar da Cochrane, ƙungiyar masana mai tantance binciken lafiya, ta fitar a 2023 ba ta sami hujjar hakan ba. Na zaɓi mai rage ƙyalli wanda yake yin duhu a rana, kuma shi ya fi amfanar mai fita daga ofis zuwa tsakar rana.

Zan koma in canza gilashi idan lokaci ya yi, amma wannan karon da mai shagon kansa zan yi ciniki, kuma zan nemi a rubuta mini ranar karɓa a jikin rasit.