Kundin waƙoƙin taurari: wanne ya cancanci kuɗinka?

An ce suna linzami, amma a kasuwar faifai ba kullum ba. Mai neman kiɗan da zai saurara yana kallon sama da dare, in ya bi suna, zai ɗauko The Dark Side of the Moon, wato ɓangaren wata mai duhu, na ƙungiyar Pink Floyd, wanda ya fito a 1973. Kundi ne mai daraja, sai dai ba ruwansa da wata. Zancensa lokaci ne da kuɗi da mutuwa da taɓin hankali. Ajiye shi sai wata rana.

Wanda aka fi tallatawa shi ne Music of the Spheres na Coldplay, na 2021. An yi masa gata: waƙar "Higher Power" a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa aka fara sa ta, ta hannun ɗan sama jannatin Faransa Thomas Pesquet, sannan ga "My Universe" da suka yi da mawaƙan BTS na Koriya ta Kudu. Kiɗa ne mai daɗin ji a mota ko wurin taro. Amma a ganina zancen taurarin sama a kundin nan ado ne kawai, kamar zanen bayan babbar mota. Waƙa ɗaya ce ta ɗaga kai sama da gaske, ta ƙarshe, "Coloratura", mai sama da minti 10. Wannan ka saurare ta a Spotify ko YouTube ya wadatar, ba sai ka sayi kundin duka ba.

In labari kake so, nemi Ziggy Stardust na David Bowie, na 1972. Waƙoƙi 11 ne da ba su kai minti 40 ba, a kan wani mawaƙi da ya zama ɗan aiken halittun sama a lokacin da ya rage wa duniya shekara 5. A ciki "Starman" take. Sai dai fa yana buƙatar kunnen Turanci, don rabin daɗin a kalmomin yake. Kuma kada ka saya da zaton za ka sami "Space Oddity" a ciki. Ita ta riga shi fitowa tun Yulin 1969, kwana kaɗan kafin kumbon Apollo 11 ya tashi zuwa duniyar wata.

Ni dai inda kuɗina zai tafi shi ne Apollo: Atmospheres and Soundtracks, wanda Brian Eno ya yi a 1983 tare da ƙanensa Roger da Daniel Lanois. Ba a rera ko kalma ɗaya a cikinsa ba, don haka babu batun jin yare. An shirya shi ne don wani fim da aka haɗa daga hotunan tafiye-tafiyen Amurkawa zuwa duniyar wata. Farkonsa da duhu da sanyi, har da ɗan ban tsoro, can gaba sai jitar Lanois ta shigo a hankali ta kwantar da komai. Daren bazara da aka ɗauke wuta, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, nan ne wurinsa. Lasifikar waya kan cinye ƙananan sautukansa, sai da abin sawa a kunne. In za ka saya, duba bugun 2019 na cikar shekara 50 da sauka a wata, yana da ƙarin faifai mai sababbin kiɗa 11.

Akwai kuma Planetarium na 2017, na Sufjan Stevens da abokansa uku, inda waƙoƙin ke ɗauke da sunayen duniyoyi, har da Venus da muke kira Zara matar wata. Ya haura awa ɗaya, an kuma murɗa muryar da na'ura sosai. Wani zai so shi, wani ba zai kai rabi ba, don haka ɗanɗana shi kyauta tukuna.