Wasiƙa daga Ingila: yadda aka canza mini maganin hanta

Yaya, gaisuwa mai yawa a gare ka da iyali da duk mutanen Tudun Wada. Ka ce in gaya maka ko maganin ciwon hanta nau'in B na nan ya fi wanda muke saye a Kaduna. Gaskiya bai fi shi ba. Tenofovir ɗin nan ne dai mai miligiram 300, ƙwaya ɗaya a rana, kwali ne kawai ya bambanta. Inda suka tsere mana shi ne a wajen wanda yake yanke shawarar canza magani.

A gida ka san yadda ake yi. Ka je kemis, a ce wancan ya ƙare ko ya yi tsada, ga wani "duk ɗaya ne", ka laluba aljihu ka karɓa. A nan jini ne yake magana. Duk bayan watanni ana ɗibar jinina a duba yawan ƙwayar cutar da lafiyar hanta da ta ƙoda, har fitsari ake aunawa. Akwai kuma wata na'ura, FibroScan, da ake dannawa a tsakanin haƙarƙarin dama, ka ji ta ɗan buga ka, ta auna taurin hanta cikin 'yan mintoci. Da awon ƙodata ya fara sauka, likitar ta juyo mini da allon kwamfuta ta nuna mini, ta ce tenofovir yana riƙe cutar sosai amma yakan taɓa ƙoda da ƙashin wasu idan an daɗe a kansa. Kafin ta rubuta komai sai da ta tambaye ni ko na taɓa shan lamivudine, wani maganin wannan cutar. Na ce a'a, ta mayar da ni kan wani maganin, entecavir.

Tambayar nan ce ta sa na rubuto maka, don na tuna kai da lamivudine ka fara. Cutar takan saba da shi, ta daina jin sa a jikin mutum kusan 70 cikin 100 bayan shekara biyar. Wanda hakan ta same shi kuwa, entecavir ma yakan gaza a kansa. Saboda haka kada ka ce tunda an ba ƙaninka kai ma shi za ka saya. Irinku tenofovir ake bari a kai, ko sabon samfurinsa, TAF, mai miligiram 25, wanda ya fito a 2016 kuma ya fi sauƙi ga ƙoda.

Kada ka ɗauka kyauta ce. Mu masu biza muna biyan fam 1,035 na kowace shekara tun kafin mu ga fuskar likita, ga jiran layi, sai ka ƙosa kafin takardar ganin ƙwararre ta iso. A Kaduna in kana da kuɗi a hannu, yau-yau za ka ga likita, ka yi hoton ciki kafin la'asar.

Ka je asibitin Barau Dikko, ko na Shika in za ka iya shiga Zariya, ka nemi likitan hanta, a duba maka ƙoda da yawan ƙwayar cutar, a haɗa da gwajin HIV, don ana yin sa kafin a taɓa waɗannan magunguna. Kuɗin gwajin zan turo ƙarshen wata in Allah Ya yarda. Kafin nan kada ka bari na hannunka ya yanke, domin tsayar da shi farat ɗaya yana iya tayar da cutar ta far wa hanta. Ka ce wa Hajiya a kai yaran a gwada su, wanda bai da ita a yi masa rigakafi.