Yaya, ga labarin na'urar lura da jariri da kika ce in aiko

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna, ya kuma mai nauyi? Allah ya sauke ta lafiya. Na ga saƙonki kan safar nan da ake sa wa jariri a ƙafa ta riƙa nuna numfashinsa a waya, kina so in haɗa ta cikin kayan barka. Ki saurare ni tukuna kafin kuɗi ya fita.

A nan Birmingham ta Ingila, in kika shiga manyan shagunan kayan jarirai, kanta guda ce ta waɗannan na'urori. Da can abin sauraron kuka ne kawai daga wani ɗaki. Yanzu sun cusa komai wuri ɗaya: kyamara mai gani cikin duhu, makirufo, ma'aunin zafin ɗaki, da wani faifai da ake turawa ƙarƙashin katifa. Na kamfanin Angelcare, in ya yi daƙiƙa 20 bai ji motsi ba sai ya ɗau ƙara. Na Snuza, kamfanin Afirka ta Kudu, a bakin famfas ake maƙala shi, ya fara girgiza yaron kafin ya ɗau ƙara. Safar da kika gani ta Owlet ce: ɗan haske ja take haskawa ta fatar ƙafa, ta auna bugun zuciya da yawan iskar oksijin a jini. Kuɗinta ya kusa fam 300.

Dalilin haɗa su shi ne kowanne shi kaɗai yana ƙarya. Yaro ya gangara gefen gado, faifan ya daina jin sa, gida ya rikice da tsakar dare alhali yana ta sharar barcinsa. Ko fanka ta riƙa kaɗa gadon, faifan ya ɗauka numfashi ne. In da kyamara, uwa ta leƙa waya tukuna kafin ta zabura.

Ban ga laifin matan nan ba. Ba kaka, ba ƙanwa mai zaman jego, ba maƙwabciya mai shigowa ta karɓi yaro ki samu ki watsa ruwa. Hutun miji mako 2 ne a doka, ya koma aiki ya bar ki da bango huɗu, kicin a ƙasa, gadon yaro a sama. Wadda ke cikin wannan hali, na'urar ce kakar yaron.

Amma abin da ya fi burge ni a ƙasar nan kyauta ne. Ungozoma kan biyo ki gida bayan sallama, sannan ma'aikaciyar lafiya ta zo cikin kwana 10 zuwa 14, ta auna yaro ta rubuta a jan littafinsa. Tawa da ta zo, ta ga kyamarar a kan durowa, ba ta ce mata uffan ba. Gadon ta nufa. Ta cire ɗan filon da na jera, ta cire bargo mai gashi, ta zura yatsa biyu a ƙeyar yaron ta ji ko yana gumi, ta ce a kwantar da shi rigingine, ƙafafunsa a ƙarshen gado, a ɗaki ɗaya da ni har wata 6. Wannan kwanciyar rigingine da suka fara yayatawa a 1991 ita ta rage musu mutuwar jarirai ta farat ɗaya cikin barci, tun ba a san wata safa ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta sake faɗa a 2022 cewa kada a dogara da irin waɗannan na'urori don kare wannan mutuwar.

Ita safar ma ta sha tuhuma. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta gargaɗi kamfanin cewa yana sayar da kayan asibiti ba izini, ya janye ta, sai a 2023 sabuwar ta samu amincewa. Ga kuma wanda ya shafe mu kai tsaye: binciken Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna ma'aunin oksijin mai aiki da haske ya fi yin kuskure a baƙar fata, ya nuna lafiya lau alhali iskar ta yi ƙasa. A manya aka yi binciken, amma tun da na ji shi nake kallon lambar da ido ɗaya.

To ki kawo ta gidanmu na Kano. Faifan katifa ba ya aiki in yaro na gado ɗaya da uwarsa, motsinta zai riƙa ji. Kyamara na son wuta da intanet dare da rana. Ma'aunin zafi kuwa an saita shi kan digiri 16 zuwa 20, a watan Afrilu sai dai ya wuni yana nuna ja. Ga igiya: a 2013 an janye na'urorin Angelcare kusan 600,000 a Amurka bayan igiyar faifan ta shaƙe jarirai biyu.

Ni dai abin da zan aiko: ma'aunin zazzaɓi, fanka mai caji da hasken rana, da kayan sawa na auduga marasa nauyi. Ku sayi gidan sauro mai magani a Kano, ku karɓi maganin cibiya a asibiti. Ki roƙar min Inna ta rage hula da safa da bargo uku da take naɗe jariri da su, a kuma fitar da kaskon turare da maganin sauro mai hayaƙi daga ɗakin. Na san za ta ce haka ta raine mu, ki lallaɓa ta. Akwai mai tahowa kafin Sallah, ki turo min lambar da za ta kira in ta sauka.