Mai gyaran firinta na kusa da Petit Marché, hannunshi na da kyau

Jama'ar Yamai masu firintar wifi, wannan yaron ya san aikinshi wallahi. Tawa tana buga takarda amma sikan ba ya zuwa kwamfuta, yawan tawada ma ba ya nunawa, wato saƙo na tafiya amma ba ya dawowa. Bai ce in sayi sabuwa ba, zama yayi ya nuna min duk sanda aka ɗauke wuta ruta (na'urar da ke ba da wifi) na iya ba firintar wata lambar IP daban, wato adireshinta a kan wifi, ita ko kwamfuta tana can tana neman tsohuwar. Ya kafe mata lamba ɗaya, ya shiga Ports a Windows ya kunna bidirectional support (abin da ke barin saƙo ya tafi ya dawo), ya buɗe mata hanya a firewall (shingen tsaron kwamfuta) dan shi ke tare amsar, kuma ya ce yawancin ƙananan firintoci wifi mai 2.4GHz kawai suke kamawa banda mai 5GHz. Yanzu sikan na shigowa lafiya lau.

Abu ɗaya dai, shagon matsattse ne ga zafi, kuma bayan la'asar layi yake. Kuje da safe, ku riƙe lambar sirrin wifi ɗinku a hannu.