Hattara da masu tallar kwantenar kaza da kifi ta jirgin ruwa

Jama'a dan Allah duk mai niyyar sayo kayan sanyi daga wata ƙasa ta jirgin ruwa, kaza ce ko kifi ko nama ko 'ya'yan itatuwa, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai 'yan damfara da suka maida harkar nan gonarsu, kuma wallahi ba irin masu turo saƙon "ka ci gasa" ba ne, waɗannan sun san harkar, sun san sunayen takardu, in ba ka yi hankali ba sai ka rantse shekara ashirin suka yi a tashar jirgin ruwa.

Yawanci da kazar Brazil suke fakewa, tunda ita ce ƙasar da ta fi kowace fitar da kaza a duniya kuma kowa ya san haka. Za su buɗe shafin intanet mai kyau, su kwafi tambarin wani babban kamfani na gaske da hotunan ma'aikata cikin fararen kaya, su canza harafi ɗaya tak a adireshin imel, sai su sa farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa sosai. Kana yi musu magana za su maida kai WhatsApp, su turo inbois, su ce ka ba da kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari, sauran sai an yi lodi. To shi wannan tsarin na kashi 30 ana yinsa a ciniki na gaskiya ma, shi ya sa mutum ba ya jin komai a ransa. Amma duba akawun ɗin da suka ba ka. Kamfani yana Brazil, akawun yana wata ƙasa daban, sunan da ke kansa kuma ba na kamfanin ba, in ka tambaya a ce ai na "reshenmu na kuɗi" ne. Daga nan ma ya kamata zance ya mutu. Ƙungiyar masu fitar da kaza ta ƙasar, ABPA, ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan shafuka na bogi.

Bayan ka biya sai a turo maka takardar lodi da lambar kwantena da hoton ƙofarta a rufe da hatimi, hankalinka ya kwanta ka cika sauran kuɗin. Sai kuma kira ya fara shigowa. An riƙe kaya a tashar da ake canza jirgi, akwai kuɗin wutar da aka jona wa kwantena ba a biya ba, akwai satifiket ɗin lafiya da kwastan suka nema, dimarej, wato tarar jinkirin kwantena a tasha, na ta hawa, kuma in ba ka turo yau ba gobe za a zare filogi. Nan ne muguntar take. Da tayal ne ko ƙarfe sai ka ce su ajiye har in bincika, amma mutumin da aka ce masa sama da tan 20 na nama zai narke ya yi wari, ba ya iya barci balle bincike, turawa kawai yake yi, ya biya wannan a ƙirƙiro wani, har ranar da lambar ta daina shiga. Alhali babu kwantena, babu kaza, tun farko babu.

Abin da zai taimake ka shi ne ka san yadda ita rifa take aiki, wato kwantena mai injin sanyi, domin a nan ƙaryarsu ke yawan ƙarewa. Rifa ba ta daskarar da kaya, riƙe sanyin da kaya suka shigo da shi take yi. Dole nama ya riga ya daskare a ma'ajiyar sanyi kafin a loda, a saita ta a digiri 18 ƙasa da sifili ko ƙasa da haka, a rufe kafar iska. Ɗanyen kaya kuwa, irin su 'ya'yan itatuwa, numfashi suke yi, ana buɗe musu kafar iska, kuma kowanne da nasa awon, ayaba wajen digiri 13 zuwa 14 take so, in sanyi ya wuce haka ɓawonta ya dusashe ta ƙi nuna yadda ya kamata, tuffa kuma kusa da sifili. Saiti ɗaya kwantena take ɗauka. Don haka duk ejan ɗin da ya ce maka kawo 'yan kwalayenka na kifi zai haɗa su da ɗanyen kayan wani a kwantena ɗaya ku raba kuɗin jirgi, ko dai bai san aikin ba ko kuma ya san abin da yake yi sarai, kuma ni na fi zargin na biyun.

Akwai ma wata dabarar da ta fi wannan rainin hankali, kuma a nan kayan naka ne na gaske, kai ne mai aikawa. Kamfanonin jiragen ruwa suna ba da hayar rifa a kashe da araha, don a loda busassun kaya a ciki maimakon ta koma fanko. Halas ne, ana yi kullum. Sai ejan marar tsoron Allah ya karɓi kuɗin rifa mai aiki a hannunka, ya je ya yi bukin ɗin ta a kashe, kai kuma ka ga farar kwantena da inji a gabanta ka ce shikenan. Makonni tana kan teku ba wanda ya jona ta da wuta domin a takarda ba a ce a jona ba. Maganin wannan ka ce sai ka ga takardar bukin daga kamfanin jirgin kansa, digirin da aka saita yana rubuce a ciki, kuma ya sake fitowa a takardar lodi. In babu digiri a rubuce, babu sanyi.

Sannan ka ƙura wa hoton ƙofar nan ido, kar ka kalle shi sama-sama. Lambar kwantena haruffa 4 ce da lambobi 7, harafi na huɗu U ne, lamba ta ƙarshe kuma ta tantancewa ce, akwai shafuka kyauta da za su lissafa maka ko ta dace da sauran. Kusa da ita akwai wani ɗan gajeren rubutu, 45R1 na nufin doguwar rifa mai ƙafa 40, 22R1 mai ƙafa 20, in ka ga 45G1 to kwantenar busassun kaya ce aka ɗauko hotonta. Sai ka sa lambar a shafin kamfanin jirgin, Maersk ne ko MSC ko CMA CGM ko wanne, amma kai za ka nemo shafin da hannunka, kar ka danna linkin da suka turo, suna ƙera shafin tirakin (na bin sawun kaya) na ƙarya da jirgi yana tafiya a taswira gwanin sha'awa. Ko tirakin ya nuna kwantena na tafiya ma kar ka saki jiki, domin suna satar lambar kayan wani su manna a takardarka. Ka kira ofishin kamfanin jirgin da lambar takardar lodin ka tambaya ko ta dace da sunanka a matsayin mai karɓa.

In naman Brazil ne, kowace masana'antar da ke fitar da shi tana da lambar SIF, wato lambar rajistar duba lafiyar nama, daga ma'aikatar noman ƙasar, ana buga ta a jikin kwali. 'Yan damfara suna rubuta lambar gaske, ta wani ce kawai, saboda haka ka nemo lambar wayar mai masana'antar ta wata hanya daban ka tambaye su ko sun san wannan mai tallar. Ka kuma binciki dokar ƙasar da kayan za su sauka, wasu ƙasashen sun hana shigo da kaza kwata-kwata, wasu sai daga masana'antun da suka amince da su, kuma ɗan damfara ba zai taɓa gaya maka haka ba, "ba matsala yallaɓai muna da mutane a kwastan" ita ce amsarsa kullum.

Batun biya kuwa, ka ce ta banki za a yi da wasiƙar lamuni, wadda banki ba ya sakin kuɗi sai takardu sun cika, kuma kamfanin duba kaya irin su SGS wanda kai ka ɗauka ya je ya ga lodi da idonsa, ya auna sanyin cikin kwali, a saka na'urar da ke rubuta sanyi tun daga tashi har sauka. Eh akwai ƙarin kashe kuɗi, kuma ƙananan 'yan kasuwa na ƙorafi a kai, na sani. Amma gwada faɗa wa mai tallar haka ka gani. Na gaskiya zai yi ciniki da kai a kan wa zai biya kuɗin dubawar, na bogi kuwa nan take zai ce kaya sun kusa ƙarewa, akwai wani mai saye yana jira da kuɗi a hannu.

Wanda ya riga ya tura, ya daina ƙarawa komai barazanar zare filogin da za su yi, ya garzaya bankinsa yau ɗin nan a nemi a dawo da kuɗin kafin a kwashe, ya kai ƙara wajen 'yan sanda da sikirinshot na hirar duka da rasit. Kuma ya shirya, bayan 'yan kwanaki wani zai kira ya ce shi lauya ne ko jami'in da zai ƙwato masa kuɗinsa in ya biya ɗan kuɗin aiki, su ne dai suka canza lamba.